Irmiya 29 a rumfar kara: yadda horon dattawan ikilisiya ya tafi mana a Damagaram

'Yan'uwa da dama sun tambaye ni yadda horon nan da muka yi ma dattawan ikilisiya da masu bishara ya kasance, wasu har cewa suke in turo musu takardun da muka yi aiki da su su ma su gwada a wajensu. Takardu kam ba zan hana kowa ba, amma gaskiya ba su suka yi aikin ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta lamarin yadda ya faru, har da wurin da muka kuskure.

Wanda bai san nan ba, bishara ba jiya ta zo Damagaram ba. A 1924 'yan mishan na SIM, wata ƙungiyar masu yaɗa bishara daga ƙetare, suka fara zama a Zinder, wato Damagaram, lokacin ma nan ne babban birnin mulkin Faransa a Nijar kafin a maida shi Yamai a 1926. Daga baya aikin ya fi kama ƙasa wajen Maraɗi da Tsibiri, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, akwai kuma makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa a Agye wadda ta fidda fastoci da yawa. To amma mutum nawa ne zai iya barin gona da mata da 'ya'ya ya tafi makaranta shekara da shekaru? Saboda haka a ƙauyukanmu wanda ya iya karatu shi ne mai wa'azi, ko an horar da shi ko ba a horar ba. Littafin kansa ba shi ne ya yi wuya ba, tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, aka sake fassara wajen 1979, yanzu ma yana cikin portabul ɗin yara, wato wayar hannu, har da wanda ake saurare da kunne. Abin da ya rage shi ne yadda ake karanta shi.

Wanda labarin nan ya fi shafa wani dattijo ne da kowa ke ce ma Baba mai bishara, daga wani ƙauye a kan hanyar Magarya. Manomi ne, ya haura sittin, da girmansa ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, kuma shi ke riƙe da 'yar ikilisiyar garinsu tun ina yaro. Mutum ne mai tsoron Allah, wannan ba na shakka ko kaɗan. Littafinsa in ka gani sai ka tausaya, bangon ya fita an ɗinke da zaren buhu, ciki duk jan bik ne, wato jan biro, a ƙarƙashin ayoyi. Yadda yake shirin wa'azi shi ne daren Asabar ya kunna cocila, ya yi addu'a, ya buɗe wajen ɗaya daga cikin ayoyin nan masu jan layi, gobe Lahadi ya karanta ta ita kaɗai ya rufe littafi ya yi ta magana.

Bayan abin da ya faru ranar Jumma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a Zinder saboda zanen ɓatancin nan da wata jarida ta buga a Faransa, washegari kuma wutar ta kai Yamai, tsoro ya shiga mutanenmu sosai har a ƙauyukan da ba a taɓa ba. Wasunmu a barikin soja suka kwana, wasu maƙwabtansu musulmi ne suka ɓoye su a ɗaka, wannan ma dole a faɗa. Tun daga lokacin Baba ya kama aya guda, Irmiya 29:11, inda Ubangiji ke cewa ya san nufin da yake da shi domin mutanensa, nufin alheri ne ba na masifa ba, zai ba su bege da makoma. Ya yi ta wa'azi da ita shekara da shekaru cewa fita ta kusa, Allah zai ɗauke mu daga wurin ƙunci ya kai mu wuri mai faɗi. Niyyarsa ƙarfafa zuciya ce. Amma mutane sun ji abin da suka ji. Gida biyu suka saida awakinsu suka jinginar da gona suka ƙetara Najeriya. Wani saurayi ɗan wata gwauruwa ya rubuta ayar a takarda ya sa a aljihu ya bi masu tafiya Aljeriya ta Agadas, kamar yadda mutanen wajen Kance da Matamai ke yi, daga baya aka koro su ta Asamaka ya dawo ba ko sisi, jiki duk ya lalace, kuma tun dawowarsa bai sake taka majami'a ba. Ya ce ma uwarsa Allah ya yi alkawari bai cika ba.

Wannan ne ya sa da muka shirya horon na roƙi Baba da kaina ya zo. Bayan kaka muka sa shi, an gama yankan hatsi ba a kai ga watsewa cirani ba, don in ka sa da damina kai kaɗai za ka zauna. Kwana biyar, a harabar wata majami'a cikin gari, ana kwana a tabarma, matan zumunta na dafa mana tuwo, ruwa kuma sai mun saya wajen 'yan garuwa, kun san halin Damagaram da ruwa.

Ranar farko ta lalace, kuma ni na lalata ta. Na zo da fotokopi na darasin da aka koya mana da faransanci na juya shi Hausa, na cika tablo da manyan kalmomi, na rubuta matakai uku, lura da fassara da aikatawa, na yi ta bayani tun safe har rana ta take. Sun kwafe tsaf a kaye, ba wanda ya yi tambaya, in na ce kun gane sai su ce mun gane mushe, wato malam da faransanci. Da la'asar na ce to a gwada, na ba su Filibiyawa 4:13, ayar nan ta iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa mu. Kowa ya tashi ya yi wa'azin da ya saba, wannan ya ce za ka ci jarrabawa, wancan ya ce kasuwarka za ta buɗe, ba ko mutum ɗaya da ya ɗaga ido ya ga ayoyi biyu na sama inda manzo Bulus, yana ɗaure a kurkuku, yake maganar ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Raina ya ɓaci ƙwarai daren nan.

Wani tsohon fasto da muke tare da shi, wanda a gidan malamai aka haife shi cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, shi ya kira ni bayan cin tuwo ya ce, ɗana ka taɓa tsayawa wajen tafsirin azumi? Na ce ina jin shi a rediyo dai. Ya ce ka lura malam ba ya tsintar aya, akwai mai jan baƙi a gefensa yana jan karatu bi da bi, shi kuma yana fassarawa, in an zo wurin da ke da sababi ya faɗi sababin saukarsa. Ya ce mutanen nan da kunne suka girma, maƙwabtansu haka suke karatu, kai kuma ka zo musu da lakkol. Ka ajiye allin nan gobe.

Haka muka yi. Da safe na ce a rufe kaye, a buɗe Irmiya, amma ba 29:11 ba, daga farkon sura 28 har ƙarshen 29. A nan ma muka gano wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba, kusan rabin dattawan ba su ganin ƙananan baƙaƙe, shi ya sa suke manne ma ayoyin da suka haddace, kunya ce ta hana su faɗa. Muka aika yaro Kasuwar Dole ya sayo tabarau irin na karatu aka rarraba. Aka ja karatun da ƙarfi sau uku, kowane zagaye da bakin wani daban, sannan na ce a rufe littafi, wa zai ba mu labarin kamar yadda ake ba da labari a dandali.

Mazan suka yi ta kame-kame. Wata tsohuwa cikin masu dafuwa, wadda ba ta san ko baƙi ɗaya ba, tana zaune bakin rumfa tana tsintar zogale, ita ce ta ce in an yarda ta gwada. Inna ta kwashe labarin nan tun daga kai. An riga an kwashi sarki da manyan gari da maƙera da masassaƙa an kai Babila. Annabi Irmiya na yawo da karkiya a wuya. Wani annabi Hananiya ya tashi cikin Haikali gaban jama'a ya ce shekara biyu kacal Allah zai karya ikon sarkin Babila a dawo da mutane da kayan Haikali, har ya cire karkiyar daga wuyan Irmiya ya karya ta. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa, ya yi tafiyarsa, sai Ubangiji ya komo da shi ya ce ka karya ta itace, ta ƙarfe ce za ta maye. A wata na biyar aka yi wannan, wata na bakwai Hananiya ya mutu. Manoma ne, duk sun san karkiya a wuyan shanun huɗa, sai ka ga ana gyaɗa kai. Ta ci gaba, sai Irmiya ya rubuta wasiƙa ya aika ma waɗanda ke Babila, ya ce ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi lafiyar garin da aka kai ku, ku yi masa addu'a, don lafiyarsa ita ce lafiyarku, kada ku saurari masu mafarkin ƙarya, sai shekara 70 ta cika tukuna.

Daga nan ban koyar da kome ba sai tambaya. Wa ke magana a nan, da wa yake, suna ina, me suke so su ji, me aka faɗa musu. Na ƙara musu ɗan tarihin da ba ya cikin surar, cewa kwasar nan ta farko a 597 kafin haihuwar Almasihu aka yi ta, wajen shekara goma bayan haka Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima gaba ɗaya ya ƙone Haikali, sai da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 sannan aka ba su izinin komawa. Na kuma nuna musu kalmar nan ta Ibrananci, shalom, wadda ke aya 11, ita ce dai ta fito har sau uku a aya 7 wajen maganar lafiyar gari. Wato alherin da aka yi musu alkawari da lafiyar Babila da aka ce su nema kalma guda ce.

Wani ɗan saurayi cikin masu bishara ya gano wani abu da kansa wanda ya faranta min rai. Ya ce mushe, ai ba ka aka ce ba, ku aka ce. Gaskiyarsa, a Ibrananci jam'i ne, kuma Hausa ta fi wasu harsuna taimako a nan don ta raba ka da ki da ku, ingilishi kuwa kalma ɗaya ce, faransanci ma tana iya ruɗa mutum. Alkawarin na jama'a ne gaba ɗaya da jikokinsu, ba laya ba ce ta aljihun mutum guda. Sai na faɗa musu lambobin nan ma da muke tsinta da su ba Irmiya ya sa ba, wani babban limamin Ingila Stephen Langton ne ya raba surori a ƙarni na 13, lambar ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai Bafaranshe Robert Estienne ya sa a 1551. Suna da amfani wajen nema, amma wasiƙa wasiƙa ce, wa ɗansa zai aiko masa takarda daga Libiya ya karanta layin tsakiya kaɗai ya ninke?

Duk wannan lokacin Baba bai ce uffan ba. Ina kallonsa, sabon tabarau a hanci, yatsa a kan aya 10, leɓensa na motsi. Can ya ɗago ya ce, shekara saba'in, to ai waɗanda aka karanta ma takardar nan yawancinsu can aka bizne su. Na ce haka ne Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce da muryar da ba ta fita sosai, ashe wa'azin Hananiya na yi ta yi da ayar Irmiya. Ba wanda ya amsa. Ya tashi ya zagaya bayan majami'a, bai dawo ba sai bayan an ci abincin rana. Ni kaina na ji nauyin abin, don ba don a kunyata dattijo muka taru ba, kuma da ni na faɗa masa haka da bakina na san ba zai karɓa ba, da ma bai kamata in faɗa ba.

Na zaci an gama, ashe kuskure na biyu na tafe, kuma ya fi na farko haɗari. Rana ta uku da muka zo wajen aikatawa, samarin suka yi tsalle suka ce shi ke nan, mu ne Isra'ila, Damagaram ce Babila, muna zaman bauta cikin arna har Allah ya fisshe mu. Ni ma da farko ban ji abin ya dame ni ba don na sha jin irinsa a wa'azi. Inna ce dai ta sake ajiye tirenta ta ce, ɗana, ni fa ba baƙuwa ba ce. Ta ce nan aka bizne cibiyata, liman ɗin unguwarmu ɗan ƙanen babana ne, ranar wuta matarsa ce ta lulluɓe ni da hijabinta ta fidda ni, ita ce Babila? Wallahi maganar nan ta fi duk abin da ke cikin fotokopina. Muka share ƙasa muka ja layi da kara, gefe ɗaya inda muka yi kama da mutanen wasiƙar, gefe ɗaya inda muka bambanta. Mun yi kama da su wajen ƙarancinmu, da tsoro, da son jin an ce wahala ta kusa ƙarewa. Amma su kwaso su aka yi daga ƙasarsu, mu ƙasarmu ce. Su Irmiya ya faɗa musu ƙarara horo ne saboda zunubinsu, mu ba annabin da ya ce mana gobarar 2015 horo ce, kuma ba mu da ikon ɗora ma kanmu ko ma wani wannan. Su an ba su adadin shekaru, mu ba a ba mu ba. Abin da ya ƙetaro layin ya iso gare mu shi ne halin Allah da bai yar da mutanensa, da umarnin neman lafiyar gari, kuma ba mu yarda da shi ba sai da muka je Sabon Alkawari muka ga ya tsaya, Matiyu 5:44 kan addu'a domin masu tsanantawa, Romawa 12:18 kan zaman lafiya da kowa iyakar iyawa, 1 Timoti 2:1-2 kan addu'a domin sarakuna da masu mulki.

Ba kowa ya yarda ba fa. Akwai wani mai bishara matashi, mai ƙwazo ne sosai, portabul ɗinsa cike da wa'azin da ake turowa ta WhatsApp daga ƙetare, ya ce wannan hanyar kashe Ruhu take yi, ai an rubuta harafi kisa yake Ruhu ke rayarwa. Muka ce to mu yi ma ita ma ayar abin da muka yi ma waccan, aka ja 2 Korintiyawa 3 gaba ɗaya, aka ga Bulus Shari'ar da aka zana kan allunan dutse yake kwatantawa da sabon alkawari, ba karatu da natsuwa yake hanawa ba. Bai gamsu ba, rana ta huɗu ya ce yana da uzuri ya tafi. Ina ganin akwai gaskiya cikin tsoronsa, na taɓa jin wa'azin masu ilimi da ya bushe ƙamas kamar darasin lakkol, mutum ya zo da yunwa ya koma da sunayen sarakunan Yahuza. Kuma tambayar da ya yi min a bakin ƙofa tana nan a raina, ya ce matar da ɗanta ke kwance ba ta da kuɗin magani, shekara saba'in za ka ce mata? Amsata ita ce gara in zauna da ita in yi kuka in nemo kuɗin maganin a baiko, da in ba ta ranar da Allah bai ba ni ba, don na ga abin da hakan ya yi ma ɗan gwauruwar nan. Amma na san faɗar haka ta fi aikatawa sauƙi.

Sauran kwanakin mun gwada hanyar a kan Zabura guda da wani misali cikin Luka, don su ga waƙa daban, misali daban, wasiƙa daban, ba a karanta su da murya ɗaya. Wahayin Yahaya da Littafin Firistoci ba mu ko taɓa ba.

Wata huɗu bayan haka na hau kabu-kabu na je garin Baba ran Lahadi ban sanar ba. Majami'arsu rumfar kara ce da benci uku, sauran tabarmi. Jikansa ɗan lakkol ya miƙe ya ja Markus sura 4 tun daga mai shuka har hadarin teku, sau biyu, sannan Baba ya ce wa zai maimaita, wata mata ta maimaita, ya yi ta jefa musu tambaya, wa ke magana, da wa yake, sai can ƙarshe ya yi nasa bayanin gajere. Sujadar ta yi tsawo, wani dattijo ya ce min a kunne tsohon salon ya fi daɗi don da ana fita da wuri kuma jiki na yin zafi. A addu'a na ji an ambaci maigari da liman da rijiyar gari da ta fara ƙafewa. Bayan rumfar ya dasa mangwaro biyu ya kewaye da ƙaya saboda awaki, kullum da bido yake ba su ruwa. An gaya min ya je gidan gwauruwar nan da kansa ya durƙusa ya ce ma yaron ba Allah ya yi maka ƙarya ba, ni ne ban karanta na sama ba. Yaron ya ce ya ji, amma har ranar da na je bai dawo sujada ba. Gidaje biyun nan ma suna can Najeriya. Cikin sauran da muka horar na samu labarin wasu sun riƙe, wasu kuma sun koma tsintar aya, musamman waɗanda ba su da mai ja musu karatu.

Da zan tafi Baba ya riƙe min hannu ya ce ɗana tsaya, akwai abin da ya hana ni barci. Ya buɗe Ayuba, ya nuna min wata aya mai jan bik cikin maganar Elifaz, ɗaya daga abokan Ayuba, wadda ya ce ya yi wa'azi da ita ya fi a ƙirga, sannan ya juya can 42:7 inda Ubangiji ya ce ma Elifaz da abokansa biyu ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba. Ya ce jikana ne ya ja min littafin duka cikin dare shida muka iske wannan, to yanzu maganar mutanen nan uku, a yi wa'azi da ita ko a bari? Mai kabu-kabu na ta danna oda rana ta yi ƙasa, na ce Baba wannan ba ta tsaye ba ce. Muka sa bayan kaka mai zuwa za mu zauna kan Ayuba, ya ce in zo da tabarau guda biyu don akwai wani dattijo a garin gaba da shi ma ba ya gani.